Daga Sunan Aiki Zuwa Sunan Muƙami a Garwa

A da, sunan mutum a Garwa yana faɗin abin da hannunsa ke yi. A unguwannin Hausawa akwai Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera, kuma ba a naɗa wanda bai iya sana'ar ba. Da masu mishan suka iso arewacin Kamaru, wannan tsari suka bi. Lutheran na Amurka sun fara aiki a yankin Adamawa a 1923, na Norway suka zauna a Ngaundere a 1925, limaman Katolika kuwa suka zo a 1946 tare da Yves Plumey. Ma'aikatansu na farko su ne katikis, da mai bishara, da malamin makaranta, da mai ɗaurin ciwo. Yawancinsu ba su wuce firamare ba.

A lokacin, ƙaramar takarda tana kai mutum nesa. Ahmadu Ahidjo, wanda aka haifa a Garwa a 1924, ya yi babbar firamare a Yawunde, ya kama aikin wayar tangaraho a gidan waya, ya kuma zama shugaban ƙasa a 1960 ba tare da digiri ba.

Bayan samun 'yanci gwamnati ta jera ma'aikata aji-aji bisa ga takardunsu, albashi ya bi takarda. Kamfanin auduga na Sodecoton, da aka kafa a 1974 da hedkwata a Garwa, ya ɗora shugabannin yanki a kan malaman gona da ke zagaya ƙauyuka. Sai matsin tattalin arziki ya zo a 1986, aka yanke albashi a 1993, aka karya darajar sefa a 1994. Guraben aiki suka ragu daidai lokacin da masu digiri ke ƙaruwa, gama an buɗe jami'a a Ngaundere a 1993, a Marwa a 2008, a Garwa kuma a 2022. Da gwamnati ta yi shelar ɗaukar matasa 25,000 a 2011, masu nema sun ninka guraben fiye da sau goma. Mai ɗaukar aiki ya ga jama'a a ƙofa, sai ya ƙara tsawon takardar da yake nema, ko da yake aikin bai sāke ba. Akawu ya zama manaja, malamin gona ya zama kodineta.

Ikilisiya ma ba ta tsira ba. Karatun tauhidi a Meiganga da Kaele albarka ne, babu shakka. Amma katikis na ƙauye da ya shekara talatin yana koyarwa da binne matattu yakan zauna a baya, ɗan makarantarsa mai digiri yana kan kujerar darakta. Ya kamata majalisun ikilisiya su tuna cewa asalin kalmar fasto makiyayi ne, dikon kuwa mai hidima. In za a ba da muƙami, a duba takarda, amma a fara tambayar garken da mutumin ya yi kiwo.