Daga Roba Zuwa Tsatsa: Yadda Aka Koya Wa Kwamfuta Yi Wa Siffofin 3D Fata

A farkon shekarun 1970, duk abin da kwamfuta ta zana mai tsawo da faɗi da kauri kamar na roba yake fitowa, sumul, ba tabo ba gargada. Siffar kanta tarin ƙananan faifai ce masu kusurwa da aka harhaɗa, kowanne da launi guda. Mai son bangon bulo sai ya gina kowane bulo da tsagin da ke tsakaninsu, injinan lokacin kuwa ba su da wannan ƙarfin.

A Jami'ar Utah ta Amurka aka fara warware matsalar, inda David Evans da Ivan Sutherland suka tara ɗalibai tun daga 1968. Henri Gouraud, Bafaranshe, ya samo hanyar gauraya inuwa a 1971 don gaɓoɓin faifan su ɓace, Bui Tuong Phong ya ƙara ƙyalli a 1973. Sai a 1974 Edwin Catmull, wanda daga baya ya shugabanci Pixar, ya kawo dabarar da ake kai har yau: a ɗauki hoto shimfiɗaɗɗe a lulluɓe siffar da shi. Kowace kusurwa ta siffar ana ba ta lambobi biyu, u da v, masu nuna mazauninta a kan hoton. Aikin tela ne aka juya: a farke siffar a shimfiɗa, a yi mata fenti, sannan a mayar da ɗinkin. Shi ya sa masu sana'ar ke kai ɗinki inda ido ba ya zuwa, bayan kunne ko ƙarƙashin hammata.

Amma hoton bulo a kan bango mai santsi ba ya ruɗin kowa da zarar haske ya sauya wuri. Jim Blinn ya gano a 1978 cewa ba sai an taɓa siffar ba. Kwamfuta tana lissafin haske ne bisa inda kowane ɗigo na fatar ya fuskanta, to sai a yi mata ƙarya game da wannan fuskantar. Ƙwallo sumul ya koma lemo mai ramuka-ramuka, kowane rami da inuwarsa. Asirin yana tonuwa ne a gefe kawai, domin da'irar ƙwallon tana nan lafiya lau. Robert Cook ya toshe wannan kafa a 1984 da dabarar da ke tura fatar ciki da waje da gaske.

Sauran gyare-gyaren a wannan tsakani suka zo. Lance Williams ya magance ƙyafƙyaftar da zane ke yi idan ya yi nisa a 1983: a ajiye hoton, da rabinsa, da rabin rabinsa, har ƙasa, kwamfuta ta zaɓi wanda ya dace da nisan, duka a kan ƙarin sulusin ma'adana kacal. Ken Perlin, da ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982 ya ƙosa da tsabtar hotunansa, ya ƙirƙiro lissafin da ke haifar da hargitsi mai tsari, wanda ake fitar da jijiyar katako, marmara da hayaƙi da shi ba tare da hoto ba. Ya wallafa shi a 1985, aka ba shi lambar Oscar ta fasaha a 1997.

Fim da wasannin bidiyo ne suka fitar da waɗannan dabaru daga jami'a zuwa kasuwa. A Jurassic Park na 1993, ma'aikatan Industrial Light & Magic sun yi fenti kai tsaye a jikin siffofin dabbobin da aka gina a kwamfuta. A shekarar ce wasan Doom ya lulluɓe bangayensa da hotuna, katin Voodoo na kamfanin 3dfx kuma ya ɗauki nauyin wannan aiki a cikin kwamfutar gida a 1996. Fatar mutum ta fi wuya, domin haske yana kutsawa cikinta ya watsu kafin ya fito. Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa suka tsara lissafin hakan a 2001, aka ga amfaninsa a fuskar Gollum, halittar fim da aka gina da kwamfuta, a 2002.

Duk da haka, kowane abu ana daidaita shi ne da ido don fage ɗaya. A kai shi wani haske, sai ya lalace. Tun 1981 Cook da Kenneth Torrance suka nuna a Jami'ar Cornell cewa ƙyallin ƙarfe yana ɗaukar launin ƙarfen, na roba kuwa fari ne, kuma kaushin da ido ba ya gani shi ke watsa haske. Sai a 2012 Brent Burley na Disney ya mayar da wannan ilimi 'yan ma'aunai da mai zane zai iya juyawa: asalin launi, kaushi, ƙarfe ne ko a'a. Injin wasanni na Unreal ya ɗauka a 2013, saura suka bi.

Daga nan aka koma ɗaukar duniya kanta. Kamfanin Quixel na Suwidin ya riƙa ɗaukar hotunan duwatsu, ƙasa da ɓawon itace ta kowace kusurwa yana tarawa, Allegorithmic na Faransa kuma ya fitar da manhajar Substance Painter a 2014, inda tsatsa ke bin gefen ƙarfe da kanta. A 2019 Adobe ya sayi Allegorithmic, Epic Games ya sayi Quixel ya buɗe taskarsa kyauta ga masu amfani da Unreal. Kayan aiki sun wadata ke nan, abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo yanzu shi ne lura: sanin inda hannu ke cinye fentin ƙofa, da ta ina ruwan sama ke gangarowa ya ɓata bango.