Tafkin Nguru da Fadamarmu: Tarihin Ruwan da Aka Sauya wa Lokaci

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da suka tashi a birni, idan suka zo gida da salla suka ga tafki ya cika da kachala, sai su ɗauka haka Allah Ya halicce shi. To, ba haka iyayenmu suka bar mana shi ba, kuma ya kamata a san yadda aka yi aka zo nan.

Ruwan da muke sha ba a ƙasarmu yake sauka ba. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, shi kuwa kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Da kogin Haɗejiya ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasarmu mai tuddan yashi, sai ya rarrabu: wani reshe ya bi Burum Gana, wani ya bi Marma ya zuba a tafkin Nguru. Abin da ya ragu ya haɗu da ruwan Jama'are kafin Gashuwa, ya zama kogin Yobe, ya nufi tafkin Chadi.

A da, ruwan nan yana da lokacin zuwa da lokacin tafiya. Daga watan Agusta zuwa Oktoba sai ya malale fadama, a shekara mai albarka ya rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000. Manomi ya riga ya shuka shinkafarsa da ruwan sama, ambaliya ta zo ta raine ta. Tarwaɗa da karfasa su bi ruwa su shiga ciyawa su yi ƙwai. Da ruwa ya fara janyewa, masunta su tare bakin rafi, manomi ya bi laima ya shuka wake, Bafulatani ya sauko da shanu bayan girbi, su ci ciyawa su bar taki. Fili ɗaya, mutum uku, kowa da watansa; Sarkin Ruwa da Bulama su ne masu tsare ƙa'ida. Wani amfanin kuma ido ba ya ganinsa: ruwan da ya kwanta a fadama yana tsatsafawa cikin ƙasa, shi ne yake cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. Abin da masana a yau suke ta rubuce-rubuce a kai, wai a bar ƙasa da tsirrai su yi aikin da siminti yake yi wajen adana ruwa da tace shi, fadamarmu ta daɗe tana yin sa kyauta.

Fari na shekarun 1972 zuwa 1974 ya girgiza Arewa baki ɗaya, kuma a 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, Allah Ya jiƙansa. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, sannan a 1992 aka gama madatsar Challawa. Gaskiya ɗaya ce, niyyar masu wannan aiki kyakkyawa ce. Birnin Kano yana bukatar ruwan sha, kuma noman rani na Kadawa ya ciyar da dubban gidaje. Sai dai lissafin ya tsaya a bakin madatsa, ba a sa mutanen ƙasan kogi a cikinsa ba. A farkon shekarun 1990 filin da ambaliya take rufewa ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 1,000, fari na 1983 da 1984 kuma ya riga ya ƙara wa Borno dawaki.

Amma babbar illar ba raguwar ruwa kaɗai ba ce, sauya masa lokaci ne. Madatsa tana riƙe ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Saboda haka ambaliya mai ƙarfi da take wanke yashi daga hanyoyin ruwa ta yi rauni, rafukan da suke bushewa da rani kuma suka daina bushewa. Wannan shi ne abin da kachala take so: ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta tsiro, ta tare laka, laka ta ba ta wurin yaɗuwa. Hanyar Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin Haɗejiya suka toshe, mafi yawan ruwa ya karkato Marma. Sai ga abin mamaki: mu gonakinmu suna nutsewa, 'yan'uwanmu na wajen Gashuwa suna kukan ƙarancin ruwa. Jirgin masunci ya rasa hanya, sauro ya sami gida, tsuntsun jan-baki ya sami mafaka, daga nan yake tashi ya faɗa wa gero da shinkafa.

Ba a zauna haka kawai ba. A 1987 aka fara shirin kiyaye fadamar Haɗejiya da Nguru, kuma binciken da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malale fadama ya fi kawo amfani, idan an haɗa noma da su da itace, a kan daidai wannan ruwa a gonakin noman rani na sama. A shekara ta 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, shi ne na farko a Nijeriya, musamman saboda tsuntsayen da suke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a wurinmu. A 2006 kuma jihohi shida, wato Bauchi, Borno, Filato, Jigawa, Kano da Yobe, suka amince a Damaturu da kafa asusun kula da waɗannan koguna.

Takardu dai an rubuta, kuma an yi aikin gayya ba sau ɗaya ba, matasa cikin ruwa har ƙirji suna yankan kachala da lauje. Amma a ganinmu yanka kaɗai kamar aski ne, muddin ruwa bai daina kwanciya da rani ba, za ta sake tofowa. Maganar da masana suka daɗe suna yi ita ce a tsara sakin ruwan Tiga da Challawa yadda zai yi kama da na da: a saki isasshe da damina bisa sanarwa, a rage da rani har wasu rafuka su bushe, a yashe bakin Burum Gana domin a raba ruwa da adalci. Ambaliyar 2022 da ta ci gonaki da gidaje a Jigawa da Yobe ta nuna abin da toshewar hanyar ruwa take jawowa.

Wannan shawara a ofisoshin Kano da Abuja ake yanke ta, inda da yawanku kuke aiki. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa maganar jadawalin sakin ruwa cikin ajandar babban taro na bana, a kuma gayyato Sarakunan Ruwa da wakilan manoma da makiyaya na bakin Marma su faɗi abin da suka gani da bakinsu.