Littafin Da Aka Naɗe Cikin Zane

Ya ku 'yan makaranta na Yelwa da Ngaski da Shanga, ga wani labari na bakin Kwara wanda ya kamata ku sani.

A cikin shekara ta 1806 wani Bature mai yawon ganin ƙasashe, sunansa Mungo Park, ya biyo Kwara cikin jirgi, ya ratsa ƙasar Yawuri, ya je ya halaka a Busa. Bayan shekara 24, watau cikin 1830, sai ga waɗansu Turawa biyu, Richard Lander da ƙanensa John, sun zo suna cigiyar takardunsa. Suka hau har Birnin Yawuri, suka yi makonni wurin Sarki, ba su same su ba. A Busa kaɗai aka nuna musu wani littafi nasa, naɗe cikin zane. Da suka buɗe, ashe littafin lissafi ne na masu tuƙin jirgin teku. Mai shi ya daɗe yana tattalinsa kamar laya, amma ko baƙi ɗaya bai amfane shi ba, don bai san abin da ke ciki ba.

Kada fa ku zaci mutanen wancan zamani ba su san karatu ba. Harshen ne baƙo. Tun kafin zuwan Turawa akwai makarantar allo a ƙasashen nan. Ku lura da tsarinta: kowane yaro da allonsa, yana biya nasa karatu safe da yamma, ba ya jiran na kusa da shi. In ya riƙe, ya kai wa malam, a wanke, a rubuta na gaba. In ya sauke kuma ya shiga littattafai, malam na fassara masa kalma kalma har ya gane. Ashe karatun kullum da neman ma'ana gadonmu ne.

Sa'ad da boko ya zo, Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano cikin 1909. Yara suka koyi baƙaƙe, amma in an tashi daga makaranta ba su da wani abin karantawa mai daɗi cikin harshensu. Wanda ya iya sassaƙa kuwa, in ba itace, hannunsa sai ya mutu.

Don maganin wannan ne Dokta East na ofishin fassara a Zariya ya zaga cikin 1933, ya roƙi malamai su ƙago labaru da Hausa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Magana Jari Ce ta fara fitowa cikin 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma cikin Janairu 1939. Tun daga sa'an nan ɗan makaranta ya sami abin da zai karanta shi kaɗai a zaure, ba don tsoron bulala ba.

To, ga abin da ya rage gare ku. Kowa ya keɓe rabin sa'a kullum, ko da asuba ko bayan la'asar, ya karanta shafi biyu ko uku. In ya gama ya rufe littafin, ya tambayi kansa: wa aka ambata, me ya yi, don me ya yi? Kalmar da ta shige masa duhu ya rubuta ta, ya kai wa malam. Da dare kuma ya ba ƙanensa labarin da bakinsa. In ya kasa, bai gane ba ke nan, sai ya koma. Wanda ya yi sakaci da wannan, yana iya fita makaranta da takardar shaida, a aiko masa da wasiƙa ya nemi mai bayyana masa.

Tsohuwar Busa dai tana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse Kwara a Kainji cikin 1968. Ku kuwa littattafanku cikin harshenku su ke, ba ku da hujjar naɗe su. Ku riƙa buɗewa kullum, gama yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.