Yadda ake gane tsutsar masara da ta zo daga nahiyar Amurka

A farkon shekarar 2016 masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan suka tabbatar da ɓullar wata baƙuwar tsutsa a gonakin masara na Nijeriya.

Turawa na kiranta Fall Armyworm, a kimiyyance kuma Spodoptera frugiperda. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, amma ta mamaye galibin ƙasashen Afirka cikin shekaru biyu, ta isa Indiya a 2018, sannan Ostireliya a 2020.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce tana cin tsirrai fiye da iri 80. Ta fi son masara, amma ba ta ƙyale dawa da gero da shinkafa ba.

Uwar tsutsar

Tsutsar 'yar wani ƙwaro ne na dangin faɗa-wuta, wanda ke yawo da dare. Faɗinsa idan ya buɗe fikafikai bai wuce santimita 4 ba.

Fikafikan gaba launin toka ne gauraye da ruwan ƙasa, na baya kuma farare ne masu baƙin baki. Namijin yana da farin tabo kusa da ƙarshen fiffikensa na gaba.

Macen kan saka ƙwai 100 zuwa 200 a dunƙule a jikin ganye, ta lulluɓe su da wani abu mai kama da gashi. Idan iska ta taimaka, ƙwaron kan yi tafiyar kilomita 100 a dare guda.

Alamomi biyu

Da yake ba a cika ganin uwar da rana ba, tsutsar ce manomi zai duba.

Alama ta farko tana goshinta: wani farin zane mai kama da harafin Y na boko da aka kifar.

Ta biyu tana kusa da wutsiya: baƙaƙen ɗigo huɗu da suka zauna daidai kamar kusurwoyin akwati.

A jikin shuka kuwa, ƙananan tsutsotsin kan kankare ganye har ya yi shara-shara. Manyan kan shige tsakiyar masara, inda sabon ganye ke fitowa, su bar kashi mai kama da dusar katako.

Wannan ya bambanta ta da gamzari, wanda kan afka wa gona a ayari yana cin ganye a fili, da kuma tsutsar da ke huda kara ta zauna a cikinsa.

Fadamar Rima

Ƙwaron ba ya jure sanyi mai tsanani. A ƙasar Amurka, a kudancin jihohin Florida da Texas yake shafe hunturu kafin ya sake bazuwa arewa.

A fadamar kogin Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, babu irin wannan sanyi, kuma noman rani na samar da ɗanyen ganye bayan damina ta wuce. A lokacin zafi, kimanin kwana 30 ya ishe shi daga ƙwai zuwa sabon ƙwaro, saboda haka zai iya hayayyafa sau da dama a shekara.

Amfanin ganewa da wuri

Magani ya fi kama tsutsar tun tana ƙarama. Idan ta girma ta ɓuya a ƙarƙashin kashinta, feshi ba ya cika isa gare ta, sai manomi ya yi asarar kuɗi.

Shi ya sa malaman gona ke ba da shawarar a riƙa zagaya gona akalla sau ɗaya a mako tun daga tsirowar masara, ana duba shuke-shuke 10 a wurare biyar daban-daban.

Ƙwan da aka gani ana iya murƙushe shi da hannu. Idan kuma feshi ya zama dole, an fi so a yi shi da sassafe ko da yamma, a kuma nufi tsakiyar shukar.