Daga Ɗakin Jego Zuwa Gadon Asibiti

Tun ba a san farar riga ba a ƙasar Yauri, ɗakin mai jego shi ne makarantar jinya. Ungozoma ba ta da allo. Yarinyar da ke bin ta ita ke riƙe fitila, ita ke ɗora tukunyar ruwan wanka, tana kallon yadda tsohuwa ke dafa ciki ta gane kwanciyar ɗa. Sai an ɗebi shekaru kafin a miƙa mata aska ta yanke cibi.

Takarda daga baya ta zo. A 1930 Turawa suka yi dokar rajistar ungozomomi, a 1947 aka kafa majalisar ma'aikatan jinya, a 1979 aka haɗe harkar ungozomomi da ta jinya wuri guda. Tsarin an kwaso shi ne daga makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas na Landan a 1860, inda ɗaliba ke koyo a gefen gadon majinyaci. A nan kam Baturiya da tsohuwar Yauri bakinsu ɗaya.

Sai dai littafin Landan bai san Kogin Kwara ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai, aka tashi dubban mutane, cikinsu har da Gungawa, aka bar masunta da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro. Littafin bai san kunun kanwa ba ma. A shekarun 1970 Parry da Davidson, likitoci a Zariya, suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kanwa da kwanciya kan gado mai wuta. Malama ta ƙwarai ba ta cewa ɗalibarta ta je ta zagi al'ada, domin ranar da ta yi haka surukar mai jego ta rufe mata ƙofa ke nan. Koya mata take yi yadda za ta durƙusa ta gaida tsohuwa, ta ce, “Inna, a rage kanwar nan,” hannunta na kan ƙafar mai jego tana duba kumburi.

Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, 'ya'yan Yauri da Ngaski da Shanga sukan nufi makarantar jinya ta Birnin Kebbi. Wadda ta dace da irin wannan malama, in ta dawo gida aka kawo mata Bagunge a kwale-kwale, takan fara neman mai jin yarensa, sannan ta ɗauko ma'aunin zafi.