Cututtuka Biyu Na Mahaifa Da Laifin Da Aka Daɗe Ana Ɗora Wa Mace

A shekarar 1842, wani likita a birnin Verona na ƙasar Italiya mai suna Domenico Rigoni-Stern ya fitar da sakamakon wani aiki mai gajiyarwa. Kundin matattun garinsu ya bi shafi-shafi, tun daga 1760 har zuwa 1839. Ya lura cewa sankarar mahaifa ta fi kashe matan aure da waɗanda mazansu suka rasu, amma da ƙyar ake samunta a cikin matan coci masu zaman zuhudu, waɗanda ba sa aure. Bai san dalili ba, kuma zamaninsa ba shi da kayan aikin ganowa. Tambaya kawai ya bar wa na baya: mene ne a cikin kwanciyar aure da ke jawo wa mace wannan ciwo?

An shafe fiye da shekara 130 ana lalube. A tsakanin nan, George Papanicolaou, ɗan ƙasar Girka mazaunin Amurka, ya ƙirƙiro gwajin da ake lakato ƙwayoyin bakin mahaifa a duba su kafin su rikiɗe su zama sankara. Ya gabatar da shi a 1928, likitoci suka yi biris, sai bayan littafinsa na 1943 aka karɓe shi. Gwajin ya ceci rayuka masu yawa, amma bai nuna mai laifin ba.

Wanda ya kama ɓarawon shi ne Bajamushe Harald zur Hausen. A shekarun 1970 yawancin masana sun ɗora zarginsu a kan wata ƙwayar cuta daban. Shi kuwa ya dage cewa HPV ce, dangin ƙwayar da ke haifar da tsiron fata a al'aura. A 1983 shi da abokan aikinsa suka zaƙulo nau'i na 16 daga cikin naman sankara, a 1984 suka samo na 18. Waɗannan biyun ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Aka fitar da allurar rigakafi a 2006, shi kuma ya karɓi kyautar Nobel a 2008. Amsar tambayar Verona ta fito: ƙwaya ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, namiji na ɗauke da ita kamar yadda mace ke ɗauke da ita, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Akasarin masu ita jikinsu kan kore ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Wadda ta maƙale ta daɗe ita ce abin tsoro.

Ɗaya cutar ba ta yi irin wannan sa'a ba. Sunanta endometiriyosis: nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, a kan gidan ƙwai ko bututun da ƙwai ke bi ko hanji ko mafitsara. Duk wata sai ya kumbura ya yi jini, jinin ba shi da mafita, sai ya bar tabo, gaɓoɓi su manne da juna. Mai ita kan yi ciwon mara mai kwantarwa lokacin al'ada, ta ji zafi wajen saduwa, wani lokaci ciki ya ƙi shiga. Karl von Rokitansky na birnin Biyana ya bayyana irin wannan nama tun 1860. John Sampson na Amurka ya raɗa mata suna, kuma a 1927 ya kawo bayanin da har gobe ake karantarwa, cewa jinin haila ne ke komawa baya ta bututu ya zuba cikin ƙugu. Daga baya aka gano cewa hakan na faruwa ga mafi yawan mata, alhali kusan ɗaya cikin goma ce ke kamuwa. Ke nan akwai sauran rina a kaba.

Inda ilimi ya gaza, sai zato ya cike gurbi. A 1938 wani shahararren likitan mata na Boston, Joseph Meigs, ya yi iƙirarin cewa cutar ta matan masu hali ce da ke jinkirta aure da haihuwa. Wannan magana ta zauna daram a littattafai, har aka ɗauka baƙar mace ba ta yin ta. Idan baƙar mace ta zo da ciwon mara, sai a ce ciwon sanyi ne ta kwaso, a ba ta magani ta tafi. Sai a 1976 wani likita baƙar fata a Chicago, Donald Chatman, ya leƙa cikin majinyatansa da na'ura, ya nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa wancan hukunci endometiriyosis ce ke cin su. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata miliyan 190 ne ke fama da ita, babu ƙabilar da ta tsira.

To, shin cututtukan nan biyu suna da alaƙa? Nasarar zur Hausen ta sa wasu suka yi tunanin ko ita ma wannan ƙwaya ce ke bayanta. A 2010 wani bincike a Jamus ya samu burbushin HPV a cikin naman wasu masu endometiriyosis. A shekarar nan dai wani a Denmark ya duba, bai samu abin a zo a gani ba. Binciken da suka biyo baya ma haka suka rabu gida biyu. Ganin mutum a bakin rijiya ba ya nuna shi ya haƙa ta, balle ƙwayar da akasarin masu aure kan haɗu da ita a rayuwarsu. Don haka har yanzu ba a tabbatar cewa HPV na haddasa endometiriyosis ba.

Alaƙar kowacce da haihuwa ta fi fitowa fili. Endometiriyosis na toshe bututu, tana lalata gidan ƙwai. HPV kuwa ta bayan gida take shigowa: yanke ɓangaren bakin mahaifa da ya fara lalacewa na iya ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, idan kuma sankara ta yi nisa, akan cire mahaifar gaba ɗaya. Wani abin lura ya fito daga Padua, birnin da ba shi da nisa da Verona. A can Carlo Foresta da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayar na maƙalewa a kan ƙwayoyin maniyyi, kuma mazan da ke ɗauke da ita a nan sukan samu raguwar motsin maniyyinsu. Bayan ƙarni ɗaya da rabi ana ƙirga gawar mata, sai ga fitilar ta haska namiji.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. A gidajenmu, aure na cika shekara biyu babu ciki sai a fara kallon matar, a kira ta juya, a fara shawarar kishiya, alhali a kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, akwai hannun matsalar namiji. Yarinya kuma idan tana birgima saboda ciwon mara, sai a ce ta yi haƙuri, in ta yi aure zai wuce. Maganar Meigs ce dai ta sake riga.

A 2020 Najeriya ta samu sababbin masu sankarar bakin mahaifa kimanin 12,000, ta rasa kimanin 8,000. Ruwanda ta fara yi wa 'yan matanta allura tun 2011. Najeriya ta bi sahu ranar 24 ga Oktoba, 2023, da allura guda ɗaya ga 'yan shekara 9 zuwa 14. Nan da nan tsohuwar raɗe-raɗin da ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ta sake ɗagowa, wai ana son hana haihuwa. Binciken da aka yi kan miliyoyin 'yan matan da suka karɓa bai nuna haka ba. Cutar da allurar ke karewa ita ce ke raba mace da mahaifarta.

Zur Hausen ya rasu a watan Mayun 2023, wata biyar kafin allurar da ta samo tushe daga aikinsa ta iso makarantun firamarenmu. Tambayar Sampson kuwa tana nan tana jiran mai amsa ta, kuma kafin ya zo, mafi ƙarancin abin da ake bin mu shi ne mu yarda da mace idan ta ce mararta na ciwo, mu kai ta asibiti tare da mijinta.