Barasa da ciwon suga nau'i na biyu

Ciwon suga nau'i na biyu, wanda a da ake kira ciwon sugan manya, yana samuwa ne idan jiki ya daina amsa wa sinadarin insulin yadda ya kamata, ko kuma gaɓar da ke samar da shi ta gaza. Wannan gaɓa ita ce fankiriyas, tana kwance a bayan tumbi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon suga a duniya wannan nau'in ne ke damunsu. Likitoci kan tabbatar da shi idan sugan jini kafin karin kumallo ya kai 126 mg/dL ko ya haura, a gwaji biyu.

Yadda barasa ke ƙara haɗari

Yawan shan barasa yana share wa ciwon hanya ta fuskoki uku. Ta farko ƙiba ce: kowane giram na tsantsar barasa na ɗauke da kalori 7, alhali giram na suga 4 ne kawai, kuma kitsen ciki na cikin manyan abubuwan da ke hana insulin aiki. Ta biyu hanta ce: shan da ya ɗore yana tara mata kitse, ya ɓata tsarin da take daidaita sugan jini. Ta uku ita ce fankiriyas kanta, domin barasa na kan gaba wajen jawo mata kumburi mai daɗewa, wanda ke lalata ƙwayoyin da ke yin insulin. Wannan bai bambanta giyar kwalba da burukutu, bammi ko ogogoro ba. Abin dubawa shi ne yawan barasar da ta shiga jiki.

Maganar cewa kaɗan tana kariya

Wasu bincike sun nuna masu sha kaɗan ba sa kamuwa kamar waɗanda ba sa sha sam, kuma a kan haka ne maganar ta yaɗu. Sai dai masana sun gano rauni a lissafin: sau da yawa ana haɗa waɗanda rashin lafiya ya tilasta wa dainawa cikin rukunin marasa sha, sai rukunin ya zama kamar shi ya fi ciwo. A watan Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da ba shi da illa ga lafiya. Ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ma ba ta ba wanda ba ya sha shawarar ya fara.

Ga wanda ya riga ya kamu

A nan haɗarin na gaggawa ne. Yayin da hanta ke fama da barasa, takan dakatar da samar da suga. Mai allurar insulin ko mai shan magani irin glibenclamide sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 mg/dL, musamman in ciki babu abinci, kuma hakan kan iya faruwa sa'o'i da dama bayan sha, har cikin barci. Alamomin, wato jiri, rikicewa da lauyewar harshe, sun yi kama da maye, don haka na kusa kan ƙyale shi ya kwanta alhali asibiti yake buƙata. Yawan sha tare da metformin kuma na iya jawo taruwar asid a jini.

Wanda ya bar giya ya koma maltina da lemon kwalba bai tsira ba, domin cike suke da suga. Abin da aka tabbatar yana rage haɗarin shi ne rage ƙiba, motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, barin taba, da gwajin suga lokaci zuwa lokaci, musamman ga mai ciwon a danginsa.